Ɗakin da Na Hana Yaya Shiga

"Ba zan sa mata rigar ba, ranka ya daɗe."

Shugaban asibitinmu ya dube ni ta saman tabarau kamar kujera ce ta yi magana. A bayansa Yaya tana tsaye, ta riga ta cire agogo da zobe ta zuba a aljihu, tana jiran in miƙo safar hannu. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce likitar da aka ɗora a kan ɗakin da muke killace masu zazzaɓin ɓera. Ni nas ce a wurin. Matar da aka kwantar a gadon ƙarshe da safiyar ranar kuwa mahaifiyarmu ce.

"Sista, ba shawararki na nema ba," in ji Shugaba. "Ki shirya likita ta shiga."

"Na ji, ranka ya daɗe. Ba zan shirya ta ba."

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka rashin kunya ce kawai. Ciwon nan ba a saba ganinsa ba. Ni kaina a littafi na san shi, sai da sakamakon gwajin jini ya dawo daga nesa muka yarda shi ne. Daga fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, sannan ya bi jini da amai ya kama mai jinya. Yana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro, sai maƙogwaro ya rufe, sai dasashi ya fara zubar da jini. Shi ya sa babu mai tsallake jan layin da muka ja da fenti a bakin ƙofa sai a cikin rigar kariya, daga kai har ƙafa. Rigar nan kuwa mutum ba ya sa wa kansa, ba ya cire wa kansa. Dole wani ya tsaya a gabanka yana duba kowane ɗinki, ya naɗe maka wuyan hannu da salatif. In ka fito kuma ya dinga gaya maka abin da za ka cire da abin da za ka bari, mai feshi yana bin ka da ruwan kilorin, domin wanda ya gaji, gumi ya cika masa ido, shi ne ke kai hannu ya sosa fuska. Ni aka tura kwas a kan wannan aiki, ni na koya wa sauran. In ban ce mutum ya shiga ba, ba ya shiga. Kwastan suke ce mini.

"Dalili?" in ji Shugaba.

Na dubi Yaya. Ta ɗan girgiza mini kai yadda ba wanda zai lura. Kwanakin baya, muna gwajin sa riga, warin kilorin ya tayar mata da zuciya, na bi ta banɗaki na same ta tana amai. Ciki ne, bai fito ba tukuna. Ta yi ɓari har sau biyu kafin wannan, shi ya sa ko Umma ba ta gaya wa ba. Ta kuma san in aka ji za a sauke ta daga kan ɗakin, ita da ake maganar za a tura wani babban taron likitoci ta yi bayanin ciwon. A banɗakin ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, in maganar nan ta fita, ba ni ba ke." Ta yi mini alkawari daga waje za ta dinga ba da umarni, ta tagar gilashi, ba za ta tsallake layin ba. Ta cika alkawarin har ranar da aka kawo Umma.

Ciwon nan ba ya raga wa mai ciki. Abin da ke cikin yakan tafi, sau da yawa ya tafi da uwar. Yaya ta fi ni sanin haka.

"Tana da ciki, ranka ya daɗe," na ce.

Dattijon da ke goye da tankin kilorin, wanda muke kira Sarkin Feshi, ya sauke tankinsa a hankali ya kama kallon takalminsa.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. "Kin huta?" ta ce. "Yau dai kin samu abin da kike nema tun muna yara."

Ba zan ce ƙarya ta yi ba. Umma tana da shagon hatsi da gari a bakin titi, da sito a bayansa. A saman sikeli hoton Yaya ne a rataye, cikin rigar kammala jami'a. Nawa hoton yana cikin durowa tare da ledoji da tsohuwar tocila. In wata ta zo sayen gari da yaro mai ƙuraje, ina zaune a kan buhu da fararen kayana na aiki, sai Umma ta ce, "Ki dawo da yamma, Likitata za ta biyo." Ranar da na zo na ɗaya a makarantar koyon jinya cewa ta yi, "Madalla, yayarki ta samu mai riƙe mata tire." Ko lokacin da ɓeraye suka yi wa sito ɓarna, na ce mata kada ta share a bushe, ta yayyafa ruwan kilorin da na kawo mata, ta rufe hanci. Ta ce za ta tambayi Likita. Ba ta tambaya ba, ta share.

Saboda haka, e, ina kishin Yaya. Ina kishinta tun ina goge mata takalmin makaranta, kuma ban daina ba. Amma ba kishina ne ya sa mata cikin ba, kuma ko na daina kishin ciwon ba zai tausaya mata ba.

Yaya ta juya ga Shugaba ta shiga kawo hujja. Rigar tana karewa. Ɗayan likitan ya ɗauki hutu tun da ya ji sunan ciwon. Babu wanda ya san jikin Umma kamar ita. Shugaba mutum ne da ba ya son a ga an tanƙwara shi a gaban na ƙasa. Ya ce, "Likita ce, ba yarinya ba, ta san jikinta. Kuma uwarta ce a ciki." Ya dubi Sista Babba, shugabarmu ta nas-nas. "Ke ki shirya ta."

Sista Babba ta ce ita salatif ɗin nan har yanzu bai gama zama a hannunta ba, tana tsoron ta naɗe ba daidai ba. Ƙarya ce, ta fi kowa iyawa. Shugaba ya juya ga Sarkin Feshi.

"Ranka ya daɗe, ni fa famfon nan nawa, in Kwastan ba ta buga hatimi ba, ba ya tashi," in ji shi. "Haka aka ƙero shi daga kamfani."

Ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya cire tabarau ya nuna ni da shi. "Tunda kin hana likita, ke za ki shiga. In abin nan ya lafa, zan zauna da ke."

Sista Babba ta shirya ni. Ta rubuta Kwastan a ƙirjina da baƙin alƙalami mai kauri, yadda muke yi wa duk mai shiga, domin a cikin rigar kowa kamarsa ɗaya. Kafin in kai gado na uku gumi ya fara taruwa a takalmin roba, gilashin idona ya yi hazo. Umma tana can ƙarshe, bayan labulen leda. Idanunta sun yi ja, leɓɓanta sun tsage, babu tabaraunta. Ko da tabarau ma ba ta karatu.

"Wace ce?"

"Ni ce, Umma. Auta."

"Ina yayarki?"

"Tana waje. Ki ɗan sha ruwan nan."

"Ki kira ta. Ke me kika sani?"

Na ce mata Yaya ba za ta iya shigowa ba, ciki gare ta. Umma ta dube ni da jajayen idanun nan ta ce, "Ƙarya kike. Da ni za ta fara gaya wa." Ta juya wa bango fuska.

Ruwa shi ne rayuwar mai wannan ciwo. Umma ta fizge robar ƙarin ruwan da aka sa mata, wurin allurar ya yi ta tsiyayar jini da ƙyar muka tsayar. Jijiyoyinta sun ɓuya, duk inda aka soka sai ya ƙi rufewa. Abin da ya rage shi ne ta sha da baki, ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan duk yini. Ta ƙi karɓa a hannuna, ta ƙi a hannun kowa. Muka sa waya a leda muka kanga mata a kunne, Yaya tana lallashinta daga baranda. Umma ta saurara ta ce, "Murya ce za ta ba ni ruwa? In tana nan ta shigo."

Washegari dangi suka cika bakin shingen asibitin. Baba ya kira ni, ya riƙe shingen da hannu biyu yana kallona ta tsakanin ƙarafa.

"Auta, uwarku ba ta shan ruwa."

"Na sani, Baba."

"To ki bar yayarki ta leƙa ta, ko na ɗan lokaci. Ni ubanki ne nake gaya miki."

"Baba, ka yi haƙuri."

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gefe. Ta ce wa Baba, yadda masu sayar da lemo a tsallaken titi za su ji, "Rabu da ita. Hassada ga mai rabo taki ce. Wannan tun tana goye take da baƙar zuciya. An ba ta makullin ƙofa ɗaya ta ɗauka mulki aka ba ta."

Mijin Yaya yana tsaye can nesa da su, yana danna waya. Da zan wuce ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ɗago ba, "Allah ya saka da alheri, ƙanwata." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, domin gida ɗaya suke kwana da Yaya.

Hedikwata ta ji labarin cikin, ta aiko da wani likita ya karɓi ɗakin. Yaya ta ƙi tafiya gida. Ta ɗauko kujera ta zauna a gaban tagar gilashi, duk wanda ya fito sai ta tare shi. Da rana ta same ni ina shan ruwa a bayan ɗakin, kayana a jiƙe sharkaf.

"Auta," ta ce, "na roƙe ki."

Tun da nake Yaya ba ta taɓa roƙona komai ba. Aike ta sani. Na ji daɗin roƙon har cikin ƙashina. Na ce mata a'a.

Da na koma ciki da la'asar, Umma ta ƙara ramewa, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Ta ji motsin takalmi ta buɗe ido.

"Likitata ce?"

Muryata da ta Yaya iri ɗaya ce, a waya ko Baba ba ya rabe mu. Tsayinmu ɗaya. Ta cikin takunkumi da hula kuwa sai wanda ya karanta ƙirji. Na tsaya da kofi a hannu. Duk abin da na mallaka a gidanmu shi ne ni ba Yaya ba ce, kuma ban taɓa son a kira ni da sunanta ko da kuskure ba.

"Na'am," na ce.

Yaya takan ce wa Umma Tsohuwa, cikin wasa. Ni ban isa ba, sau ɗaya na gwada ina ƙarama na sha ludayi a ka. Na zauna a bakin gadon na ce, "Haba Tsohuwa, mene ne na ba mutane wahala? Buɗe baki."

Umma ta yi wani abu mai kama da dariya. Ta buɗe baki. Ta sha, ta huta, ta ƙara. Sannan ta lalubo hannuna mai safa biyu ta ɗora a ƙirjinta ta danne da nata.

"Na san za ki zo," ta ce. "Ke ce sanyin idona. Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka."

Ashe haka ake ji. Shekara da shekaru ina ganin abin daga gefe, ban san yana da nauyi haka ba. Na zauna ban motsa ba, gumi yana bin bayana, ina karɓar abin da ba nawa ba.

"Ita waccan fa?" in ji Umma. "Ta leƙo ta gaya mini ƙarya ta tafi."

"Tana aiki, Tsohuwa."

"Zuciyarta ta yi tauri. Ki dinga haƙuri da ita, kin ji? Ƙanwarki ce. Ba ta kai ki ba, shi ne yake cin ta."

"To," na ce. "Ƙara kurɓa ɗaya."

A cikin rigar nan ba a share hawaye. Suna taruwa a ƙasan gilashi su haɗu da gumi, su gangara cikin takunkumi, mutum ya dinga shaƙar gishirinsa. Na gama da Umma, na juya mutumin gado na biyu, na wanke matar da ta yi amai, sannan na fito wurin cire kaya. Sista Babba ta ga idona ta gilashi. Ba ta tambaye ni ba. Ta dai ce, "Hannu ƙasa, Kwastan. Hannu ƙasa. Safar waje tukuna." Sarkin Feshi ya bi ni da ruwa yana cewa yau kam har da ruwan idona an ƙara masa, a rage masa na tanki.

Yaya tana jirana. "Ta sha?"

"Ta sha kofi guda."

"Yaya aka yi?"

"Ta ɗauka ke ce. Na amsa."

Na zaci za ta ce madalla. Fuskarta ce ta canza. "Kin hana ni shiga, kin ɗauki sunana kin shiga da shi wurin uwata?"

"Ta sha ruwa, Yaya."

"Me ta ce?"

"Magana dai."

"Ki gaya mini. Da ni take, ba da ke ba. Nawa ne."

Ranar na fara ganin kishi a idon Yaya, kuma a kaina. Na gaya mata sanyin ido, na gaya mata addu'ar. Sauran na riƙe, domin wannan ɓangaren nawa ne.

Haka muka ci gaba. Na gaya wa masu shiga kada kowa ya kira ni Kwastan a bayan labulen leda. Ina shiga in zama Yaya, in fito in zama Auta wadda ta hana 'ya ganin uwarta. Umma ba ta karɓar komai sai a hannuna, saboda haka ina shiga fiye da ƙa'idar da ni na kafa. Fatar yatsuna ta yi fari ta saɓule, kilorin ya cinye mini bayan hannu. Gida ban koma ba, a ɗakin ma'aikata nake kwanciya. Kullum Umma tana da sabon labari: yadda Yaya ta fara tafiya da wuri, yadda malamai suka biyo ta har shago suna yabo, yadda za ta bar mata shagon da siton in ta mutu, ta sayar ko ta riƙe. Ni ko a labarin ba na fitowa sai in ana maganar taurin kai. Ina riƙe mata kai ina cewa, "Haka ne, Tsohuwa." In na fito Yaya ta tare ni ta karɓi kayanta, kalma bayan kalma, kamar na je mata aike kasuwa.

Ranar da abin ya fi tsanani da tsakar rana ne. Umma ta fara haɓo, sannan ta yi aman jini a gabana, sannan jikinta ya sandare ta shiga jijjiga. Ni da sabon likita muna kanta. Ya ɗaga murya yana neman allura ta taga, kuma Yaya ta ji sunan allurar, ta san abin da ake ciki.

Ina danne da kafaɗar Umma na ji Sarkin Feshi yana bugun gilashi. "Kwastan, ana fasa-ƙwauri a ƙofarki."

Na bar Umma a hannun likita, tana jijjiga, na taho. Yaya ta ɗauko riga daga kanta ta sa wa kanta cikin gaggawa. Sista Babba tana gabanta tana ba ta haƙuri, amma ba ta isa ta riƙe likita ba. Na tsaya a kan jan layin ta ciki, na buɗe hannuwa na dafa ƙofar dama da hagu.

"Matsa," in ji Yaya.

"Ki dubi gabana. Jinin Umma ne. Yanzu ki dubi wuyan hannunki."

Babu salatif. Tsakanin safa da hannun riga fatarta a buɗe take, ga gashi ya leƙo ta gefen hula.

"In za ki wuce sai kin goge ni," na ce.

"Uwata za ta mutu ban gan ta ba."

"Wataƙila."

"Wataƙila kika ce?"

"Wataƙila ta mutu. In kika shiga a haka ku uku ne."

Muka tsaya muna kallon juna ta gilashi biyu. A bayana ina jin gadon Umma yana bugun bango. Ina son in juya, ban juya ba. Hannun Yaya ya sauka kan mararta, ban san ko ta sani ba.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Auta."

"Na ji. Koma baya."

Ta koma. Sai da na ga Sista Babba ta kama ta ta zaunar, sannan na juya da gudu irin wanda rigar ke bari.

Umma ba ta mutu ba. Jijjigar ta lafa da yamma, jinin ya tsaya a hankali cikin kwanakin da suka biyo, zazzaɓin ya sauka. Mutumin gado na biyu shi ne bai tashi ba. Wata safiya na shiga na ce, "Tsohuwa, an tashi lafiya?" ba ta juyo ba. Na matso na sake faɗa a kusa da kanta. Sai da inuwata ta faɗo kan bango ta waiwayo ta yi murmushi. Ciwon yakan yi haka ga wasu da suka tsira. Ya tafi da kunnuwanta duka biyu.

Da aka sallame ta, gida ya cika da masu barka. Lokacin cikin Yaya ya fito, kowa yana gani. Umma tana zaune a falo an jera mata matasai, tana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Kun gan ta nan," tana nuna Yaya. "Da cikinta da komai, ba ta bar ni ba. Ita ta ba ni ruwa a baki, ita ta wanke ni. In ba don ita ba da yanzu gaisuwa kuka zo."

Duk wanda ke falon ya san Yaya ba ta tsallake layin ba, har Gwaggo, wadda ta kama gyaran ɗankwali. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin da tiren kofuna. Ina kallon Yaya.

Ta ɗaga hannu, ta nuna kanta ta girgiza kai, sannan ta nuna ni. Umma ta dube ni, ta dubi Yaya, ta yi tsaki.

"Kullum sai kin rufa mata asiri. Kunnena ciwon ya ɗauka, ba hankalina ba. Na san hannun 'yata."

Yaya ta sauke hannunta. Ba ta ƙara gwadawa ba, ranar ko bayanta. Baba ya gwada, da hannu da baki, Umma ta ce ya tsufa. Daga baya ya same ni a kicin ya ce, "Bar ta, Auta. Allah ya gani." Na ce masa na san Allah ya gani, Umma nake son ta gani. Ya fita.

Ba zan tsaya a gaban uwata ina nuna mata saɓulallun yatsuna don ta yarda ba. Abin da sai an roƙa, ba na so.

Shugaba ya cika alkawarinsa ya zauna da ni. Bai ce ban yi daidai ba, cewa ya yi asibiti ba ya tafiya da wanda ke ƙin umarni a gaban jama'a. Aka mayar da ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙarshen gari, inda babban aikin shi ne wankin gyambo da awon jarirai. Ƙofar da na gina aka ba wata da na koya wa sa safa. Taron likitocin kuwa sabon likita ne ya je, har aka nuna shi yana bayani a gaban hoton jan layinmu. Yaya ta ɗora wannan ma a kaina.

Ta haihu lafiya, mace, mai yawan gashi. Na je barka da kayan jarirai. Yaya ta amsa gaisuwata tana kallon bango. Da na miƙa hannu zan karɓi yarinyar, ta ce barci take yi, alhali idonta biyu. A hannun Umma na ga fuskarta sosai, Umma tana jijjiga ta tana gaya mata da ƙarfi cewa uwarta jaruma ce, tun tana ciki suka yi jinya tare.

Yarinyar tana raye, uwarta tana raye, Umma tana raye, kuma ni na san dalili. Abin da tsayuwar ta ci mini shi ne aikin da na fi kowa iyawa, da yayata, wadda har yau ba ta yi mini magana sai ta bakin mijinta. Umma kuwa ta yi imani cewa lokacin da take bakin mutuwa autarta sau ɗaya ta leƙo, ta yi mata ƙaryar cewa Yaya ba za ta shigo ba, ta tafi. Da wannan take kallona duk ranar da na je gaishe ta, kuma da shi za ta mutu.